Yadda Za Ka Zaɓi Kalmar Turanci Idan Halin Mutum Ya Fita Daban

Ɗauki ƙaramin ƙamus ko manhajar fassara ta wayarka ka nemi *strange*, sai *odd*, sai *weird*, sai *peculiar*, sai *bizarre*. Da wuya amsoshin su wuce "baƙo", "abin mamaki" ko "wanda ba a saba gani ba". Ba ƙarya aka yi maka ba, amma an bar maka babban aikin. Kowace daga cikin kalmomin nan tana tafe da hukuncin mai magana. Wata tana nufin mutumin ya fita daban kuma hakan yana burge ni. Wata tana nufin ya fita daban, ku yi kaffa-kaffa da shi. Wata kuma cewa take yi ba a san abin da zai aikata gobe ba, kada a ba shi amana. Wanda ya rubuta wa abokin aikinsa takardar shaida ya kira shi *eccentric* bai cuce shi ba. Wanda ya rubuta *erratic* ya yi masa ƙafar ungulu, ko da zuciya ɗaya ya rubuta.

Mu ma ai haka muke yi. Miskili daban, bauɗaɗɗe daban, mai taɓin hankali daban, kuma ba Bahaushen da zai musanya ɗaya da ɗaya a gaban surukinsa. Abin da ake nema shi ne ka samu irin wannan kunnen a Turanci.

Mataki na farko: gano irin abin da ke gabanka

Kafin ka taɓa kowace kalma, tambayi kanka abu guda: shin ana iya sanin abin da mutumin zai yi gobe?

Ga wani dattijo, tsohon malamin makaranta. Ko a zafin watan Afrilu sai ya ɗaura lakatai ya sa kwat. Ba ya shan ruwa sai a kofinsa na silba da yake yawo da shi. Ɗakinsa ɗaya cike yake da tsofaffin jaridu, ba ya yarda a ɗauki ko shafi a ƙulle ƙosai. Duk unguwa an san shi, an kuma san gobe ma haka zai fito. Ya bambanta da jama'a, amma bai taɓa bambanta da kansa ba. Wannan shi ne gida na farko, gidan *odd*, *eccentric*, *peculiar* da 'yan'uwansu.

Ga kuma wani oga a ofis. Litinin ya zauna ana ta raha da shi har ya saya wa kowa lemo. Talata ka gaishe shi ya yi kamar da bango kake. Laraba ya ba da umarni, Alhamis ya tsawata wa wanda ya bi umarnin. In ka ɗauki kowace rana ita kaɗai, ba wani abin mamaki a ciki. Canjin ne matsalar. Wannan gida na biyu ke nan: *unpredictable*, *erratic*, *moody*, *capricious*.

Akwai ɗan ƙaramin gida na uku da ake yawan mantawa, wato mutumin da aka san shi da hali ɗaya, rana guda ya aikata abin da bai yi kama da shi ba. Mai haƙurin da ya ɗaga murya a taro, ko mai zuwa da wuri da ya makara kwana uku a jere. Wannan ba *strange person* ba ne. Abin da ya yi ne ake cewa *out of character*, ko a rubutu *uncharacteristic*. Wannan lafazin yana kare mutuncin mutum, domin yana shaida cewa ba haka aka san shi ba.

Yawancin kurakuran ɗalibai daga haɗa gidan farko da na biyu suke tasowa. In ka raba su, rabin aikin ya ƙare.

Mataki na biyu: in gidan farko ne, auna nauyin kalmar

*Unusual* ita ce mafi sauƙi, ba yabo ba zagi. Abu ne da ba a cika gani ba, shi ke nan. In kana kokwanto, musamman a rubutun ofis, makaranta ko asibiti, riƙe ta.

*Strange* ta fi ta nauyi kaɗan. Asalinta kalmar Latin ce, *extraneus*, wato na waje, ta biyo ta tsohon Faransanci, kuma daga gare ta aka samu *stranger*. Ka ga ta yi daidai da yadda muke cewa baƙon hali ko baƙuwar ɗabi'a. Tana nuna mai magana bai gane abin ba, wani lokaci har da ɗan rashin natsuwa. *Odd* kusan tagwayenta ce, sai dai ta fi ta sanyi, kuma Turawan Ingila sun fi yawan amfani da ita. Ma'anarta ta lissafi za ta taimake ka: *odd number* shi ne mara, *even number* cika. *Odd* shi ne wanda ya rage bayan kowa ya samu abokin tafiya, wanda bai shiga sahu ba. *Peculiar* kuma ta fi zama a rubutu da bakin manya. Za mu dawo kanta, domin tana da tarko.

*Weird* ce ta fi yawa a bakin matasa da finafinai da shafukan sada zumunta, ita ce kuma ta fi jawo rigima. A tsohon Turanci *wyrd* ƙaddara take nufi. Mayun nan uku da Shakespeare ya sa a wasan Macbeth wajen 1606 ana kiran su *weird sisters*, kuma ta nan kalmar ta ɗauki warin abin da ya shafi tsafi da ban tsoro. Yau ta zama kalmar hira, amma warin bai bar ta ba. Ka ce *That's weird* a kan wayarka da ta kashe kanta, ba komai. Ka ce *He's weird* a kan mutum, ka ware shi daga cikin mutane. A watan Yulin 2024 gwamnan jihar Minnesota ta Amurka, Tim Walz, ya kira manyan 'yan jam'iyyar Republican *weird* a wata hira ta talabijin. Kalmar ta bazu cikin 'yan kwanaki, kuma a watan Agusta Kamala Harris, 'yar takarar shugaban ƙasa ta jam'iyyar Democrat, ta ɗauke shi abokin takara. Bai kira su miyagu ko maƙaryata ba. Cewa kawai ya yi ba irin mutanen da aka saba zama da su ba ne, kuma hakan ya yi musu ciwo. *Weirdo* kuwa zagi ne tsagwaronsa. Sai dai ka sani wasu Amurkawa sun juya kalmar ta zama abin alfahari, kamar mutanen birnin Austin a Texas da takensu na *Keep Austin Weird*. Mutum yana iya kiran kansa haka yana dariya. Kai baƙo kada ka kira shi.

*Bizarre* ce ƙololuwa. Ita ce bambaraƙwai, namiji da suna Hajara. Ana ajiye ta don abin da ya wuce hankali, wanda ko an ba da labarinsa sai an rantse. Kada ka ɓarnatar da ita a kan wanda ya sa takalmi da safa kala biyu. In ka kira ƙaramin abu *bizarre*, ranar da babba ya faru ba ka da sauran kalma.

A gefe kuma akwai waɗanda ke ɗauke da sha'awa ko girmamawa. *Quirky* ana faɗa wa mai 'yan ɗabi'u na daban masu ban sha'awa, kuma kusan kullum yabo ce. *Unconventional* shi ne wanda ba ya bin yadda aka saba, da saninsa kuma da niyyarsa. *Eccentric* asalinta daga Girkanci ne, tana nufin abin da ya goce daga tsakiya, masu ilimin taurari ne suka fara amfani da ita. Ita ce ta dace da dattijon nan mai kwat. Turawan Ingila suna da wata irin ƙauna ga irin waɗannan mutane. Masanin falsafa ɗan Ingila John Stuart Mill, a littafinsa On Liberty na 1859, ya yi hujja cewa yawan masu fita daban a al'umma alama ce ta ƙarfin tunani da ƙarfin hali, ƙarancinsu kuma abin tsoro ne. Amma a lura da wanda ake ba wannan kalma: galibi dattijo, farfesa, attajiri, mai zane. Talaka mai irin halin sau da yawa *odd* ko *crazy* yake samu. Ba adalci ba ne, amma haka amfani ya zo, kuma gara ka sani.

*Maverick* ta fi zama a labaran siyasa da kasuwanci, ga wanda ba ya bin layin jam'iyyarsa ko na abokan sana'arsa. Sunan mutum ne, Samuel Maverick, wani lauya mai filaye a Texas da ya rasu a 1870, wanda ya bar shanunsa ba tare da tambarin wuta ba. Makiyayan yankin suka riƙa kiran duk maraƙin da ba shi da tambari da sunansa.

*Creepy* kuma ka ware ta can. Ba fita daban kawai take nufi ba. Tana nufin mutumin yana sa tsikar jikin mutane tashi, kamar mai bin mace a baya ko mai ƙura wa yara ido. Zargi ce, ba siffa ba.

Mataki na uku: in gida na biyu ne, tambayi me ke canzawa

A nan ba nauyi ake aunawa ba. Duba ake yi a ga mene ne ba ya zama wuri ɗaya.

In tsarin aiki ne ko tafiyar abu, *erratic* ce. Daga Latin *errare* take, wato yin gararamba ba alƙibla. Duk mai karanta jaridun Nijeriya ya sha cin karo da *erratic power supply*: a kawo wuta ƙarfe biyun dare, a ɗauke kafin asuba, a kawo minti goma da rana. Riƙe wannan hoton, domin shi ne ma'anar kalmar a ko'ina. Direban da ke kan hanyar Kano zuwa Zariya yana gudu, ya taka birki ba dalili, ya karkata hagu ya dawo dama, *he is driving erratically*. Damina mai zuwa da tsayawa *erratic rainfall* ce. Bugun zuciyar da ba ya tafiya daidai ma haka. In aka ɗora ta a kan mutum tana da nauyi ƙwarai. *Erratic behaviour* lafazi ne na rahoton 'yan sanda da likitoci da jaridu, kuma mai karatu yakan kawo shaye-shaye ko rashin lafiya a ransa ko da ba a ambata ba.

*Unpredictable* ta fi ta faɗi, kuma ba kullum take suka ba. Ɗan ƙwallon da masu tsaron baya ba su san ta inda zai ɓullo ba *unpredictable* ne, kuma yabo ne. Maigidan da iyalinsa ba su san da wace fuska zai shigo ba shi ma *unpredictable* ne, kuma wannan kuka ne.

In yanayin zuciya ne ke hawa da sauka, *moody*. Wannan ta yi kusa da miskili, mai shiru da ɗaure fuska ba a san dalili ba. *Temperamental* ta fi karkata ga mai saurin hawa a kan ƙaramin abu, kuma Turawa suna faɗa wa inji ma: janareton da sai ya ga dama yake tashi *temperamental* ne. *Volatile* ta fi su haɗari. A kimiyya ana faɗa wa ruwan da ke saurin bin iska kamar fetur, a kan mutum kuma tana nufin yana iya fashewa da fushi kowane lokaci. Ana kuma faɗa wa farashin canji da yankin da rikici ke iya ɓarkewa. *Mercurial* ta marubuta ce, daga sunan Mercury, gunkin Romawa mai saurin tafiya, sunan da zaiba ma take amsawa a Turanci. Ana ba mai hazaƙar da ba a iya riƙe shi wuri ɗaya, yawanci mawaƙi ko ɗan wasa. A hira za ta yi maka nauyi a baki.

In biyayya ce ko ƙauna ke sauyawa, *fickle*: magoya bayan da ke tare da kai yau, gobe suna gidan abokin hamayyarka. In yanke shawara ne ba tare da tunani ba, *impulsive*: ya fita sayen katin waya ya dawo da sabuwar waya.

*Capricious* tana buƙatar a ɗan tsaya. Daga Italiyanci *capriccio* take, kuma mutane sun daɗe suna danganta ta da *capra*, akuya, saboda tsalle-tsallenta ba gaira ba dalili. Bambancinta da sauran shi ne kusan kullum akwai iko a ciki. Sarki, alƙali, shugaban ma'aikata, wanda ganin damarsa ke shafar wasu. A dokar Amurka ta 1946 da ta tsara yadda hukumomin gwamnati za su yi aiki, kotu tana iya soke hukuncin hukuma in ta same shi *arbitrary* ko *capricious*, wato an yanke shi ba bisa hujja ba. In kana rubuta koke a kan wani mataki da aka ɗauka a kanka yau aka janye gobe aka sake dawo da shi jibi, ita ce kalmarka. 'Yar'uwarta *whimsical* kuwa ba ta da haƙora, ta fi zama a kan zane, labarin yara da barkwanci.

Mataki na huɗu: tsallake tarkunan da suka fi kama mu

Na farko shi ne *somehow*. A Turancin Nijeriya muna cewa *He is behaving somehow*, kowa ya gane, domin daidai take da "yana yin wani iri". A gida ba laifi. Amma a wajen Bature *somehow* tana nufin "ta wata hanya da ban sani ba", zai tsaya yana jiran ka ƙarasa jimlar. A jarrabawa ko a gaban baƙo ka ce *He is behaving strangely*, ko a hira *He seems a bit off*.

Na biyu *funny*. Tana nufin ban dariya, tana kuma nufin abin da bai kwanta a rai ba. Har Turawan Ingila kansu sukan tambaya, *funny ha-ha or funny peculiar?* Nama in ya fara *smell funny* ya soma lalacewa ne. *I feel funny* na nufin jikina ba daɗi. *Don't try anything funny* gargaɗi ne, kada ka kawo wata dabara.

Na uku fassarar "ni baƙo ne a nan". Wanda ya ce *I am strange here* ya shaida wa jama'a cewa shi mutum ne mai baƙin hali. Abin da yake nufi shi ne *I am new here* ko *I am a stranger here*.

Na huɗu *queer*. Tsofaffin littattafan karatu da ƙamusoshin da har yanzu ke yawo a makarantunmu suna ba da ita a matsayin *strange*. Wannan ma'anar ta tsufa. A Turancin yau kalmar ta koma kan masu neman jinsi ɗaya da makamantansu, kuma haka duk mai karatu zai ɗauke ta. Ka gane ta in ka gamu da ita a tsohon rubutu, amma kada ka siffanta maƙwabcinka da ita.

Sai kalmomin hauka. *Mad* a Ingila hauka ce, a Amurka galibi fushi: *She is mad at me* na nufin tana fushi da ni. *Crazy* ta zama ta yau da kullum a hira, har ana faɗa wa cunkoson motoci, amma ba a rubuta ta a kan mara lafiya. *Abnormal* ta sakamakon gwajin jini ce da hoton ƙirji. In ka ɗora ta a kan yaro, ka yi wa iyayensa rauni. *Lunatic*, wadda ta samo asali daga tsohon camfin cewa wata ne ke tayar da hauka, Amurka ta cire ta daga dokokinta na tarayya a 2012. A Nijeriya ma, a farkon 2023 aka sanar cewa Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin Lunacy Act ta 1958. A irin wannan layin ne nake ganin ya kamata 'yan jaridarmu su haƙura da *epileptic power supply*. *Epileptic* mai farfaɗiya take nufi, farfaɗiya kuwa ciwo ce da mutane ke fama da ita, kuma *erratic* tana yin aikin tsaf.

*Odd* da *peculiar* kuma kowace tana da wata fuska da ba ruwanta da hali. *Forty-odd people* mutum arba'in da 'yan kai ne. *Odd jobs* 'yan ƙananan ayyukan buga-buga ne. *At odds* saɓani ne. *Peculiar to* na nufin abin da ya keɓanta da wani: *a custom peculiar to Katsina* al'ada ce da Katsinawa kaɗai ke yi, ba wai al'adar ce ke da ban mamaki ba. Masu shirya jarrabawa suna son wannan tarkon.

Mataki na biyar: gina jimlar

Bayan *look*, *seem*, *sound*, *feel* da *smell*, sifa ce ke biyowa ba tare da *-ly* ba: *He looks strange*. Bayan aikatau irin su *behave*, *drive*, *speak*, sai an sa *-ly*: *He behaved strangely*. Kula da wannan: *He looked strange* kamanninsa ne suka canza, *He looked at me strangely* kallon da ya yi mini ne wani iri. *Acting weird* da *acting strange* suna yawo a hira, amma a rubutu ka koma *acting strangely*.

*Behaviour* ba a ƙirga ta a magana ta yau da kullum. Ba a cewa *a strange behaviour*, kuma *behaviours* ta masana halayyar ɗan Adam ce. In abu ɗaya kake nufi, ka ce *a strange habit* ko *an odd thing to do*. Nijeriya da Gana suna bin rubutun Ingila mai *-our*, Amurka kuma *behavior*. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai.

Gajerun kalmomi suna ɗaukar *-er*: *odder*, *stranger*, *weirder*. Dogaye suna ɗaukar *more*: *more erratic*, *more peculiar*. Ƙirar jimla biyu za su yi maka amfani kullum: *It is odd that he did not call* da *I find it strange that nobody asked*. Ta biyun ta fi ladabi, domin ta mayar da hukuncin ra'ayinka ne kai kaɗai.

Mataki na shida: siffanta aikin, ka kyale mutumin

A ce kai malamin aji ne a makarantar kwana. Wani yaro mai natsuwa ya fara ƙin cin abinci, ana ganinsa yana zagaye ɗakin kwana da dare, wata rana ya shigo aji wata rana a neme shi a rasa. Shugaban makaranta ya ce ka rubuta wa mahaifinsa. Abin da ya fara zuwa bakin alƙalami shi ne:

*Your son has become abnormal. He is weird and behaves like a mad person.*

Uban da ya karanta wannan ba asibiti zai nufa ba, ofishin shugaban makaranta zai nufa da faɗa. Kuma ko ya kai takardar wa likita, ba abin da likitan zai tsinta a ciki. Gwada haka:

*Over the past two weeks, his behaviour has been unusual. He has been skipping meals and walking about at night, and his attendance has become erratic. This is out of character for him.*

Duba abin da ya canza. *Unusual* ta hau kan *behaviour*, ba kan yaron ba. *Erratic* ta hau kan zuwansa aji, abin da rajista za ta iya tabbatarwa. An faɗi tsawon lokaci, an kawo abubuwan da ido ya gani, sannan jimlar ƙarshe ta shaida cewa yaron kirki ne da wani abu ya same shi. Haka ma in kai ne ka kai mara lafiya gaban likitan da ba ya jin Hausa. *He has not been himself since yesterday* ko *She has been acting strangely since the fever started* sun fi *he is mad* amfani nesa ba kusa ba, domin zazzaɓi mai tsanani ko faɗuwar sukari a jini suna iya sa mai cikakken hankali ya yi ta sambatu, kuma lokacin da abin ya fara shi likita ke son ji.

A hira kuma Turawa, musamman na Ingila, ba su cika sakin irin waɗannan kalmomi tsirara ba. Sukan sa musu *a bit*, *rather*, *slightly* ko *a little*. Amma kada sanyin lafazin ya ruɗe ka. In Baturen Ingila ya ce shawararka *rather unusual* ce, ko ya ce *That's an interesting choice* yana ɗan jan murya, mai yiwuwa hannunka mai sanda yake yi maka cewa bai yarda da ita ba.

Mataki na bakwai: gyara baki da alƙalami, sannan ka gwada kanka

Inda ake danna murya: bi-ZAA a *bizarre*, ik-SEN-trik a *eccentric*, i-RA-tik a *erratic*, ka-PRI-shas a *capricious*, pi-KYU-liya a *peculiar*. Mu da harshenmu bai raba *p* da *f* ba, sai mun kula da *fickle*, domin in leɓɓa suka haɗu ta koma *pickle*, kayan lambun da aka jiƙa a ruwan tsami. A rubutu, *weird* da *ei* ake yi, ba *ie* ba, kuma *wired* wata kalma ce daban. *Bizarre* tana da *z* ɗaya da *r* biyu, *bazaar* kuwa kasuwa ce. Wadda ta fi kowace ban kunya ita ce *erratic* da *erotic*. Ta biyun ta shafi sha'awar da ke tsakanin mace da namiji, kuma waya mai gyara rubutu da kanta ba ruwanta da mutuncinka. Sake karanta saƙon kafin ka tura.

Ga tambayoyi biyu da na tsara a salon JAMB da WAEC. Ta farko, nemi mafi kusa da ma'ana: *The chairman's capricious decisions worried the traders.* Zaɓi tsakanin *wicked*, *strange*, *unpredictable* da *hasty*. Koma mataki na farko. *Capricious* 'yar gida na biyu ce, saboda haka *strange* ta fita. *Wicked* mugunta ce, ba canji ba. *Hasty* gaggawa ce, ta fi kusa da *impulsive*. Amsa *unpredictable*.

Ta biyu, nemi kishiya: *Her attendance has been erratic.* Zaɓi tsakanin *normal*, *regular*, *excellent* da *punctual*. Da yawa za su ruga ga *normal*, amma *normal* kishiyar gidan farko ce, ta *odd* da *strange*. *Punctual* zuwa a kan lokaci ne, kuma mutum yana iya zuwa ƙarfe bakwai daidai a ranakun da ya ga damar zuwa. Abin da *erratic* ta rasa shi ne tsari mai maimaita kansa, don haka amsar ita ce *regular*.